Wai wanene Ivan Hasek din nan?

Dan_Fagge: Salam yan uwa, don Allah Ivan Hasek, kocin da ya jagoranci Czech a gasar Euro 2024, ya taba buga kwallo kuwa? Mun yi musu a majalisa jiya har shayi ya huce, wani ya rantse bai taba taka leda ba.

Baban Ummi: Kai, ya buga mana! Dan tsakiya ne a Sparta Prague, shi ne kyaftin din Czechoslovakia a kofin duniya na 1990 a Italiya, har ya ci kwallo ranar da suka lallasa Amurka 5-1, sai a kwata fainal Jamus ta Yamma ta fitar da su da fenaritin Matthaus, a talabijin din makwabcinmu na kalla wallahi raina ya baci ranar.

Sadiq_Zinder: Gaskiya ne baba. Daga nan ya tafi Strasbourg a Faransa, sannan Japan. Da ya koma koci ya ci lig da Sparta, ya ci na Hadaddiyar Daular Larabawa da Al Ahli ta Dubai a 2009.

Dan_Fagge: To amma a Euro maki daya tal suka samu fa.

Baban Ummi: Haka ne dana, amma Portugal da kyar ta ci su 2-1 a mintin karshe.