Me ya sa hankalin ɗalibai yake tashi daga darasin lissafi?

Sabon Malami:
Assalamu alaikum, malamai. Ina koyar da lissafi a ƙaramar sakandare, kuma abin da ke damuna shi ne, kafin darasi ya yi nisa sai in ga wasu ɗalibai sun zuba wa taga ido, wasu kuma suna ta kwafar abin da ke kan allo ba tare da sun san abin da suke kwafa ba. Shin lalaci ne, ko kuwa akwai abin da ya kamata in gyara a koyarwata?

Tsohuwar Malama:
Wa alaikumus salam, Malam. A ganina, yawancin yaran da ake cewa ba sa mai da hankali, darasin ne ya fara kuɓuce musu kafin hankalinsu ya tashi. Abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci guda kaɗan ne; masanin halayyar ɗan Adam Nelson Cowan ya ƙiyasta a shekarar 2001 cewa abubuwa huɗu ne ko kusa da haka. Shi kuwa lissafi, kowane mataki a kan na baya yake zaune. Idan ka ce a tara rabi da sulusi, yaron da jadawalin sau bai zauna masa ba zai ƙarar da ƙarfinsa wajen neman lambar da 2 da 3 za su iya rabawa, kafin ya gano 6 kai ka riga ka rubuta 5/6 ka wuce gaba. Daga nan ko dai ya tara lambobin sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya rubuta 2/5 domin ya huta, ko ya koma kallon taga.

Masanin ilimi John Sweller na Ostareliya ya nuna tun a shekarun 1980 cewa mai koyon sabon abu ya fi amfana da misalin da aka warware masa daki-daki fiye da a jibga masa tambayoyi ya yi ta lalube. Saboda haka ka warware misali ɗaya kana faɗin dalilin kowane mataki, ka ba su na biyu wanda ka bar matakin ƙarshe a buɗe, sannan na uku su yi da kansu.

Malamin Kimiyya:
Malama, na yarda da ke, amma kada a ɗora wa malami komai. Likitoci suna ba da shawarar matashi ya samu barcin sa'o'i 8 zuwa 10, kuma yaron da ya raba dare yana danna waya ba zai bi darasi ba komai kyansa. Akwai kuma tsoron lissafi, wanda nake ganin ba a ba shi muhimmancin da ya kamata. Yaron da aka taɓa yi wa dariya a gaban allo, fargabar a kira sunansa ce ke cika masa kai, har lambobin su rasa wurin zama.

Mai Horar da Malamai:
Malam, ka lura da yadda kake yin tambaya. Masaniyar ilimi Mary Budd Rowe ta Amurka ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kimanin sakan ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan suka jira sakan uku ko fiye, amsoshi kan yi tsawo, masu amsawa kuma su ƙaru. Idan masu saurin ɗaga hannu ne kullum ke amsawa, sauran sun san babu mai neman komai a wurinsu. Ka sa kowa ya rubuta amsarsa a ƙaramin allo ko takarda, su ɗaga tare. Idan ka ga masu rubuta 2/5 a tara rabi da sulusi sun yi yawa, kada ka gyara nan take. Ka tambaye su ko zai yiwu a ƙara wani abu a kan rabi, jimlar kuma ta kasa kai rabi, ka bar su su tattauna bibbiyu kafin ka koma allo.