Neman shawara: na yi wa wata baiwar Allah tafinta a asibiti, na sa ta kuka

Assalamu alaikum 'yan uwa. A Jamus nake zaune, kuma nakan raka matanmu asibiti in yi musu tafinta. Makon jiya likita ya saurari bugun zuciyar wata dattijuwa, ya ce "unregelmäßig". Sai na ce mata, "Mama, zuciyarki ba daidai take ba." Nan take ta fashe da kuka, ta ɗauka ajali ne. Tsohuwar takardarta ta Yamai kuma da Faransanci take, akwai "irrégulier" da "anomalie" a ciki. Don Allah, duk abu ɗaya ne? Yaya zan faɗa da Hausa ba tare da na tayar mata da hankali ba?

Wata malamar Faransanci daga Damagaram: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ba ɗaya ba ne. "Irrégulier", da "irregolare" na Italiyanci, da "irregular" na Sifaniyanci, duk daga "regula" na Latin suke, wato miƙaƙƙiyar sandar awo. Ko "Regel" ɗin da ke cikin kalmar likitanki ma daga nan ya fito. Ma'anarsu abu ba ya tafiya bisa tsari, kamar makaɗi yana tsallake kiɗa. "Anormal" kuwa yana jingine da "norma", ma'aunin da kafinta ke duba kusurwa da shi, wato abin ya kauce wa awon da aka saba gani. Ita "anomalie" asalinta Girkanci ne, abin da ba sumul ba.

Wani ma'aikacin jinya: Ki ce mata, "Mama, bugun zuciyarki ba ya tafiya bi-da-bi, wani lokaci ya yi sauri, wani lokaci ya tsallake, likita yana so ya ƙara dubawa." Kada ki yanke hukuncin da likita bai yanke ba. Kuma ki kula da "unauffällig" a takardun Jamus. Da yawa suna ganin "un" ɗin farkon kalmar, mai nufin "ba", su tsorata, alhali albishir ne: ba a ga wani abin damuwa ba.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Ranar Litinin za mu koma, kuma tun a bas zan fara gyara mata maganata.