Aikin farko da aka biya ku a harkar gina manhaja: ta ina ya zo?

Ɗalibi daga Zariya: Assalamu alaikum yayyena. Na gama HTML da CSS (na tsara shafin intanet) a freeCodeCamp, dandalin koyon gina manhaja kyauta, yanzu ina kan yaren JavaScript, kuma na samu shiga shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk tallan aikin da na gani sai an ce ana neman wanda ya taɓa aiki. To wanda bai taɓa ba fa? Don Allah ku ba mu labarin yadda kuɗin farko ya shigo hannunku.

Daga Kano: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni nawa daga wata makarantar kuɗi ta unguwarmu ya zo. Duk ƙarshen zangon karatu malamai kwana suke yi da kalkuleta suna tara maki, suna cike katin sakamako da biro. Na samu mai makarantar na ce zan haɗa masa abin da malami zai shigar da makin gwaji da na jarrabawa, kwamfuta ta tara, ta fitar da na ɗaya da na biyu, a buga kati. Da yaren PHP da rumbun ajiyar bayanai na MySQL na yi shi. A nan na fara karatun gaske. Yara biyu sun yi kunnen doki, wane matsayi za a ba su, wane za a ba na bayansu? Malami ya rubuta 85 a gurbin da bai wuce 60 ba, ya za a hana shi? Yaro ya bar makaranta a tsakiyar zango, ina sunansa zai tafi? Ba bidiyon YouTube ɗin da ya koya mini waɗannan. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma mutumin nan shi ya riƙa haɗa ni da abokansa masu makarantu.

Wata 'yar'uwa daga Kaduna: Ni kuwa wata Hajiya mai sayar da turaren wuta da atamfa na yi wa shafi da WordPress, manhajar haɗa shafukan intanet. Na saka mata Paystack don a biya da kati, sai ga shi yawancin kwastomominta WhatsApp suke so, su yi ciniki, su tura kuɗi ta banki. Muka sa maɓallin WhatsApp a ƙarƙashin kowane kaya. Aikin kamfani kuma a taron masu gina manhaja na DevFest na ji labarinsa. Da aka kira ni ganawa, GitHub ɗina, inda nake ajiye manhajojin da na rubuta, aka buɗe aka ce in yi bayanin abin da na rubuta layi-layi. Don haka ka koyi Git, wanda da shi ake tura aiki GitHub, tun yanzu, kada ka bari sai ka ƙware.

Daga Abuja: Ku bari in taɓo maganar kuɗi, don nan ake kuka. Na taɓa yi wa wani kamfani aiki har na miƙa, cikon kuɗina ya maƙale, kullum sai a ce oga ya yi tafiya. Tun daga nan ba na taɓa aiki sai an ba da kafin alƙalami, an rubuta abin da za a yi da abin da ba ya ciki. A rubuta har wanda zai riƙa biyan kuɗin sabunta sunan shafi da wurin ajiyarsa duk shekara. Yawanci da dala ake biyansu, kuma kowa ya ga yadda farashi ya tashi bayan an saki naira kasuwa ta yanke darajarta a watan Yunin 2023.

Daga Maraɗi: Mu a nan da Faransanci muka yi boko, littattafan koyon kuwa galibi da Ingilishi suke, dole na haɗa da koyonsa. Aikina na farko na wani ɗan kasuwa ne mai sito, yana son sanin buhu nawa ya shiga, nawa ya fita. Sharaɗinsa ɗaya: ya yi aiki ko babu intanet.

Daga Kano: Malam na Abuja ya yi gaskiya. Na ƙara da cewa a yi rajistar sunan shafin da sunan mai shi, amana ce.

Daga Jos: Ni dai ban bi ta gida ba. A Upwork na fara, dandalin intanet na neman aikin ƙwadago daga ƙasashen waje, da ƙananan gyare-gyaren da manya ba sa kulawa: hoto ya ƙi zama daidai a waya, fom ya ƙi aikawa. Na sha zaman jira kafin wani ya amsa mini. Kafin ka nemi aikin waje ka tanadi wuta, ko ƙaramin sola ne da inbata, don Bature ba ya jin "an ɗauke wuta". Kuma in ChatGPT ya rubuta maka abu, kada ka miƙa sai ka fahimce shi, domin ranar da ya lalace kai za a kira.

Ɗalibi daga Zariya: Allah Ya saka da alheri. Akwai Islamiyyar da na yi, har yanzu a littafi suke rubuta kuɗin wata. Yaya na Kano, da JavaScript kaɗai zan iya, ko sai na koyi PHP?

Daga Kano: Za ka iya, ka ƙara da Node.js (wanda ke sa JavaScript ya yi aikin da PHP ke yi) da rumbun ajiyar bayanai guda ɗaya. Amma ka fara zuwa ka roƙi malam ya nuna maka littafin, ka ga yadda suke rubuta wanda ya biya rabi.