Allurar mayar da tsoho yaro: in saya ko in bari?

Alhaji, Garwa: Salamu alaikum jama'a. Wani abokin fataucina ya dawo daga Duwala da wasu 'yan kwalabe, wai Epitalon, allurar da ke hana tsufa. Gwiwa ta matsa mini, sallah ma sai a kan kujera. In saya?

Malam, Marwa: Alhaji, ajali ba ya ƙaruwa da allura. Riƙe kuɗinka.

Ɗalibi, Ngaundere: Allah gafarta Malam, ai neman magani ba ja da ƙaddara ba ne. Kuma maganar tana da tushe. Epitalon feftayid ne, wato ɗan guntun furotin, insulin ɗin masu ciwon suga ma danginsa ne. Shi Epitalon amino asid, wato tubalan furotin, huɗu ne kacal, aikin Vladimir Khavinson na Rasha. A 2017 masana a Holan sun yi wa tsofaffin ɓeraye allurar wani feftayid mai suna FOXO4-DRI, gashinsu ya sake tsirowa, ƙodarsu ta farfaɗo.

Malamar jinya, Marwa: Ƙanena, da bakinka ka ce ɓeraye. Ɓera shekara biyu zuwa uku yake yi a duniya, Baba Alhaji kuwa mutum ne mai iyali. Binciken Epitalon yawancinsa daga gida ɗaya ya fito, su suka haɗa, su suka yaba. Dubi semaglutide, maganin suga da ƙiba, shi ma feftayid ne: an gwada shi a kan mutum sama da 17,000, a 2023 aka ga ya rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kashi 20 cikin ɗari ga masu ƙiba da ciwon zuciya. Ina irin wannan gwajin ga Epitalon?

Abin da ya fi damuna ma zafinmu. A watan Afrilu, in an ɗauke wuta, majinyatanmu a cikin jiƙaƙƙen yashi gindin randa suke ɓoye insulin don kada ya lalace. To kwalbar da ta kwana cikin jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, ta wuni a bayan mota, wa ya san me ya rage a ciki? Na sha wanke ƙurjin allurar bayan fage, wallahi ba na so in ga Baba a haka.

Ɗalibi: Gaskiyarki Yaya kan zafi. Amma kada a rufe ƙofa, insulin ma a kan karnuka aka fara gwada shi a 1921.

Malamar jinya: Ban rufe ba. A gama gwajin tukuna, ni zan fara kawo labarin nan.

Alhaji: Yanzu jikata ta karanta mini takardar jikin kwalbar. An rubuta wai don bincike kawai, ba don mutane ba. Ikon Allah! Shi bai faɗa mini haka ba.

Malamar jinya: Baba, mayar masa da kayansa. Gobe da safe ka je asibiti a ɗauki hoton gwiwar, ka turo mini abin da likita ya rubuta.