Wai da me likitoci ke auna laulayi har su ce ya yi tsanani?

Ummu Sadik:
Salam 'yan uwa, don Allah ma'aikatan lafiya ku taimaka min. Ƙanwata ce ke da ciki wata biyu da 'yan kwanaki, ko ruwa ta kurɓa sai ya dawo, bokiti ne a gefen katifarta dare da rana, ga yawu tana ta tofarwa a gwangwanin madara, suyar albasa kuwa daga gidan maƙwabta take jiyo ta sai amai. Mun kai ta asibiti aka gwada fitsari aka ce wai babu wani sinadari da suke kira kiton, ta koma gida ta daure. Surukarta ma cewa take raki ne, ita da ta haifi tara ba ta taɓa kwanciya ba. To ina iyakar laulayin da kowa ke yi da wanda ya zama ciwo? Akwai ma'auni ne ko kowane likita da ido yake yanke hukunci?

Sistar Awo:
Wa'alaikissalam Ummu Sadik, Allah ya ba ta lafiya. Akwai ma'auni, sunansa PUQE, a Toronto ta Kanada aka fito da shi a 2002. Na farkon na awa 12 ne, wanda aka sabunta daga baya tambaya uku ce kawai a kan awa 24 da suka wuce: awa nawa ta yi zuciyarta na tashi, sau nawa ta yi amai, sau nawa ta yi kakarin amai ba abin da ya fito. Kowace tambaya maki 1 zuwa 5. Idan jimla 6 ce ko ƙasa, mai sauƙi ne, 7 zuwa 12 matsakaici, 13 zuwa 15 mai tsanani. Misali tashin zuciya sama da awa 6 maki 5 ne, amai sau 5 ko 6 maki 4, kakari sau 7 ko fiye maki 5, kin ga 14 ke nan. Ki samu takarda ki riƙa rubutawa ki je musu da ita.

Likitan Mata:
Hajiya maganar kiton ɗin nan ita ce ta fi damuna. Ciwon sunansa hyperemesis gravidarum, kuma shekaru da yawa abin da aka koya mana shi ne a duba rama da ta wuce kashi 5 cikin 100 na nauyinta kafin ciki, da bushewar jiki, da rikicewar gishirin jini, da kiton a fitsari. Matsalar ita ce kiton alamar yunwa ce kawai, jiki ya fara ƙona kitse, baya nuna ƙarancin ruwa ko tsananin ciwon, shi ya sa ƙungiyar likitocin mata ta Birtaniya, RCOG, a jagoran da ta sabunta a 2024 ta ce kar a dogara da shi wajen auna tsanani. Ita ma rama ai sai an san nauyinta na da, mata nawa ne a nan suka hau sikeli kafin su samu ciki?

A 2021 aka fitar da ma'anar da ake kira Windsor, kuma har da matan da suka sha ciwon aka tsara ta. Sharuɗɗan: ya fara kafin sati 16, tashin zuciya ko aman ya yi tsanani, ba ta iya ci ko sha yadda aka saba, kuma ya hana ta harkokinta na yau da kullum. Babu kiton a ciki. Kafin nan kowane mai bincike da tasa ma'anar, wani ma waɗanda aka ba gado kawai yake ƙirgawa, shi ya sa za ki ga alƙaluma daga kashi 0.3 har wajen kashi 3 na masu ciki. Yadda kika bayyana ta ƙanwarki ta cika sharuɗɗan nan, ku koma yau, a yi mata sikanin ma saboda tagwaye ko cikin inabi (wanda mabiyiya ke girma kamar 'ya'yan inabi maimakon jariri) na ƙara shi.

Maman Biyu:
Ni fa na sha wannan abu, kuma PUQE ɗin ma yana da nasa gibin, lokacin da na daina cin komai aman ya ragu tunda ba abin fitarwa, in maki za a bi sai a ce na samu sauƙi alhali ko banɗaki sai an riƙe ni. Akwai wani mai suna HELP da ke tambaya har da ci da sha da yawan fitsari da ko magani na zama a ciki, a ganina ya fi kama gaskiya. Surukar kuma a gaya mata a hankali, binciken da aka wallafa a mujallar Nature a 2023 ya danganta abin da wani sinadari GDF15 da mabiyiya ke zubawa a jini, wata jikinta na ɗauka wata ba ya ɗauka.

Sistar Awo:
Na manta, in za a yi mata ƙarin ruwa mai suga ku tambaya ko an ba ta bitamin B1 tukuna, wadda ta daɗe tana amai rashinsa na iya taɓa ƙwaƙwalwa.

Ummu Sadik:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na lissafa nata na jiya ya ba ni 14, yanzu mijinta ya tafi nemo adaidaita.