Kwalta ko pabe a hilin lodin albasa?

Ɗan Adar:
Salamu alaikum ƴan uwa, shawara nike nema ga waɗanda sunka san aikin hanya. Muna da hili nan Tawa inda manyan motoci ke tsayawa lodin albasa, da rani ƙura, da damana caɓi har mota ta kahe. Yayana ya ce a zuba kwalta kawai a huta, ni ko ina ganin yadda gudron ke lotsawa duk inda tireloli ke tsayi, shi ya sa nike ɗari-ɗari. Mi ya hi, kwalta, pabe (ƴan bulon siminti da ake jerawa ƙasa) ko kankare?

Tsohon ma'aikacin hanya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Tsoronka na kan hanya. Abin da muke takawa muna ce ma kwalta kusan duk tsakuwa ce da rairayi, baƙin man da ke haɗa su, bitim, bai wuce kashi 5 ko 6 cikin 100 ba, kuma shi ragowar ɗanyen man fetur ne bayan an tace. Ana gauraya su da zahi wajen digiri 150 zuwa 160, a shimhiɗa, motar daɓe ta bi tun bai huce ba, in ya huce kahin a daɓe an yi asara. To halin bitim shi ne da zahi ya yi laushi, da sanyi ya sandare. Ka san watan Afrilu nan zahi na wuce digiri 40, ita ko kwalta baƙa ce tana shan rana, samanta sai ya kai 60 ko ya wuce. Mota mai gudu ba ta yi mata komai sosai, amma tirela cike da buhuna ta tsaya wuri ɗaya tun hantsi har la'asar, taya na danne da ita, dole ta lotsa. Ga gazuwal da baƙin mai da ke ɗiga ƙarƙashin inji, gazuwal narkar da bitim yake, sai ka ga tsakuwa na sakin juna rami ya buɗe. Kwalta ta tahiya ce, hilinka ko na tsayi ne. Kuma in wani ya zo maka da bikush don yana da araha, wato a watsa bitim a zuba tsakuwa sau biyu, kar ka yarda, direba na murza sitiyari a tsaye zai kwashe shi.

Direban Arlit:
Gaskiya baba ya faɗa. Mu da ke bin hanyar Tawa, Agadas, Arlit mun ga abu, hanyar uraniyom da anka gama wajen 1980, wasu wurare gara ka sauka ka bi rairayi. Amma mu ma direbobi da laihinmu, lodi ya yi yawa. Injiniyoyi na cewa in ka ninka nauyin da ke bisa aksil sau biyu ɓarnar na ninkuwa wajen sau 16, don haka ne UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, ta hiddo dokar awon lodi tun 2005, bin ta ne dai sai a hankali.

Magini daga Yamai:
Ni ban yarda a ɗora wa kwalta laifi duka ba. Yawancin hanyoyin da ke fashewa daga ƙasa ne matsalar take, ba a daɓe jar ƙasa da kyau ba ko babu magudanar ruwa, ruwa ya samu ƴar tsaga ya shiga ya jiƙa ƙasan, mota ta taka ya burma. Kwalta na da kirkinta, tana huce ka hau ranar, ba sai ka jira sati huɗu irin na kankare ba, ba ta da gaɓa, kuma in ta tsufa ana ɓamɓare ta a sake dafawa a shimfiɗa. Sai dai kamfanin da zai kunna injin dafa kwalta ya kawo motoci saboda fili ɗaya, kuɗin da zai ce maka sai ka riƙe baki. Ka yi pabe mai kauri santimita 10 wurin tsayawar motoci, siminti ga Malbaza nan kusa da ku, in wuri ya lotsa a ɗaga a gyara ƙasa a mayar. Ka dai tsaya kan masu buga pabe ɗin, suna rage siminti.

Ɗan Adar:
Na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri. To ƙasan pabe ɗin mi za mu zuba, rairayi kawai?

Tsohon ma'aikacin hanya:
A'a Alhaji. A kwashe ƙasar sama, a zuba jar ƙasa mai tsakuwa hawa biyu, kowane hawa a yayyaha ruwa a daɓe, sannan rairayi kaɗan santimita 3 zuwa 5, a ɗaure gehe da kankare kar pabe ya watse. Ka ba hilin gangara zuwa bakin hanya, kuma ku hwara bayan kakar albasa ku gama kahin ruwan hwarko.