Wace safar hannu zan saya don nutso a ruwan sanyi?

Bakatsine_a_Lesta:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suke nutso da silindar iskar shaƙa a ƙasashen sanyi ku ba ni shawara. Ina Lesta a Ingila, kulob ɗinmu yawanci Stoney Cove muke zuwa, tsohon ramin fasa dutse ne da ruwa ya cika, kuma lokacin hunturu kwamfutar hannuna digiri 5 ko 6 take nunawa. Rigar nutso mai hana ruwa shiga ina da ita, jikina lafiya lau, matsalar hannu ce. Safar niyofirin, wato robar nan mai kamar soso, mai kaurin milimita 5 nake sawa, ruwa na shiga ciki, kafin a yi minti ashirin yatsuna sun sandare, in zan ɓalle ƙugiya ko in harba balan-balan ɗin da ke nuna wa na sama inda nake sai na yi ta fama, in na fito kuma zafin da yatsun suke yi lokacin da jini yake dawowa wallahi ba a magana. Yanzu ana shirin zuwa Scapa Flow a tsibiran Orkney na Sikotland wajen jiragen yaƙin Jamus da aka nutsar a 1919, shi ne nake so in koma busasshiyar safa, wadda ruwa ba ya shiga. To na duba na ga Kubi, na ga Si Tech, na ga Rolock, kowa na yabon nasa, kaina ya ɗaure. Wacce za ku ce in saya, kuma da gaske ta fi ɗumi ko dai kashe kuɗi ne kawai?

Mai_Walda_a_Ruwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Waɗannan sunayen da ka lissafo ba safa ba ne fa, zobba ne, wato abin da yake haɗa safar da hannun rigarka. Safar kanta abin banza ce wajen kuɗi, da yawanmu irin ta masu kamun kifi da masu aikin kemikal muke sawa, shuɗiyar nan Showa 660 ko kuma 720, 'yan fam kaɗan ne a shagon kayan aiki, in ta huje ka yar ka ɗaura wata. Zoben ne kuɗin, shi za ka zauna ka yi tunani a kai.

Kafin komai duba wuyan hannun rigarka, wane irin sil ne a jiki, wato abin da yake kama wuyan hannu ya hana ruwa shiga riga? In na silikon ne to da ma akwai zobe a rigar domin shi silikon ba ya kama gam, sai ka nemi tsarin da zai hau kan wannan zoben. In roba ce ta letes da aka manna da gam akwai zobban da ake ɗorawa a kanta kai da kanka a gida. In kuma niyofirin ne to nan ne aikin yake, sau da yawa sai an kai wa mai gyaran riga ya canza. Ka faɗa mana wanne ne.

Maganar ɗumi kuwa, robar ba ta ɗumama kowa. Ruwa yana janye zafin jiki kusan ninki 25 na yadda iska take yi, aikin robar kawai ta raba hannunka da ruwa, ɗumin daga safar ciki yake zuwa da iskar da ta riƙe. Sai ka sa ta ulu ko irin kayan sanyin nan mai laushi, kar ka kuskura ka sa ta auduga, da ka yi ɗan gumi ta jiƙe shi ke nan ta zama ƙanƙara a hannunka. Ita ulu ko ta jiƙe tana riƙe ɗumi daidai gwargwado. Kuma ka sayi ta wajen da ɗan yalwa yadda ta cikin za ta zauna ba matsi, domin in ta matse yatsu jini ba zai zagaya ba, sai ka ga ka kashe kuɗi kuma sanyin na nan.

Bakatsine_a_Lesta:
Na gode Yaya, Allah ya ƙara girma. Letes ne a rigar tawa. Amma wani a kulob ya ce min in na sa zobe gara in yanke sil ɗin gaba ɗaya wai iska ta fi yawo, haka ne?

Mai_Walda_a_Ruwa:
A'a ni dai ban ba ka wannan shawarar ba, ballantana Scapa za ka. Jiragen nan sun haura shekara ɗari a ƙarƙashin ruwa, ƙarfe ne mai tsatsa ko'ina da kaifi, wasu suna mita 30 da wani abu, jirgin Markgraf ma ya kai wajen 45. In safa ta yage kuma sil na nan, hannu ɗaya ne zai jiƙe, ka ji sanyi ka hau a hankali. In ka yanke sil ruwan zai bi hannun riga ya shiga jikinka, kuma wataƙila kana da tsayawar dole a hanya don jiki ya saba da raguwar matsi kafin ka fito, minti goma cikin riga cike da ruwan sanyi ba wasa ba ne.

Amma abokin naka ba ƙarya ya yi ba a kan iskar. A mita 10 matsi ya ninka, iskar da ke cikin safa ta koma rabi, a mita 30 ta koma kashi ɗaya cikin huɗu, safar za ta manne maka a fata ta danne ulun, ɗumi ya tafi. Maganinsa ka bar ƙaramar hanya a ƙarƙashin sil, siririn tiyo ake zurawa, wasu guntun igiyar roba, wasu ma madaukin babban yatsa na rigar ciki suke bari ya leƙo. Da ka ji matsi sai ka ɗaga hannu sama iska ta hau daga riga ta shiga safa. In ta huje ka ciro safar ka zare tiyon, sil ya rufe.

Yar_Damagaram_Bergen:
Sannunku. Ni a Nowe nake, nan kam hunturu ruwan sama-sama ya fi na ƙasa sanyi ma a cikin lungunan teku, kuma zan ɗan saɓa wa Malam a abu ɗaya, ba kowa ne busasshiyar safa take wa daɗi ba. Akwai tsofaffin masu nutso a nan da har yau safar niyofirin mai yatsu uku ta milimita 7 suke sawa, babban yatsa daban, manuni daban, sauran ukun a haɗe suna ɗumama juna, ba abin da zai huje ya ɓata maka nutso, ba zobe ba komai. In nutsonka bai wuce minti talatin zuwa arba'in ba ka gwada ta tukuna, ta fi araha nesa ba kusa ba. Illarta dai kama ƙananan abubuwa, da kuma nutso na biyu, ka mayar da jiƙaƙƙiyar safa a kan jirgi iska na kaɗawa, hmm.

Ni na koma busasshiya ne saboda hoto nake ɗauka ina buƙatar yatsuna. Abin da zan ce ka duba shi ne girman zobe. Kubi misali suna da milimita 70, 80, 90 har 100, mu masu ƙaramin hannu ƙarami ya ishe mu, amma kai sai ka gwada tafin hannunka zai wuce da safar ciki a jiki? Kuma in ya yi girma da yawa zai dinga tokare ka lokacin da za ka zura hannu cikin ɗamarar silinda ko ka miƙa baya ka kama bawul ɗin silinda. Na biyu kuma, ka iya sawa ka cire kai kaɗai? Wasu dannawa ake su shige, wasu murɗawa ake su kulle, je shago da rigarka ka sa hannu ɗaya sannan ka gwada sa na biyun da hannun da yake cikin safa, a nan za ka gane wanda ya dace da kai, ba a hoton intanet ba.

Yawancin yoyon da nake gani ma ba huda ba ne, zaren ulu ne ko gashi ɗaya ya kwanta a kan robar zoben lokacin rufewa. Ka shafa yatsa ka zagaye kafin ka rufe, sannan da ka shiga ruwa ka tsoma hannu ka tsaya kaɗan ka ji kafin ka nutse.

Dan_Fagge:
Ikon Allah. Mu nan ɗan sanyin Janairu in ya busa sai an dafa ruwa muke alwala, ku kuna biyan kuɗi ku shiga ruwan firji ku kalli ruɓaɓɓen jirgi hhh. Allah ya fito da ku lafiya dai.

Mai_Walda_a_Ruwa:
Amin Ɗan Fagge. Hajiya ta yi gaskiya a kan mai yatsu uku, ban musa ba, sai dai shi da zai yi nutso biyu a rana kwana da kwanaki a jere ina ganin busasshiyar za ta fi masa. Ƙanena ƙarin abu, in ƙirjinka da kanka suna jin sanyi jiki da kansa yake rage jinin da ke zuwa yatsu, to ka duba hular nutsonka da rigar ciki, wani lokacin can matsalar take ba a hannu ba. Kuma kar ka fara gwada sabuwar safa a Orkney. Ka kai ta Stoney Cove wajen nan mai zurfin mita 6, ka cire tiyon hura riga ka mayar, ka ɓalle ƙugiya, ka cire gilashin fuska ka mayar, har hannu ya saba. Ka tafi da safa biyu ko uku na ajiya da safar ciki busasshiya a leda, kuma ka nisanta letes da man fetur da rana, suna cinye shi.

Bakatsine_a_Lesta:
Madalla, na gode ƙwarai Yaya, na gode Anti. Asabar zan ɗauki rigar in je shago in gwada zobban da hannuna, sil kuma zan bar shi. Anti tambaya ɗaya, tiyon nan da ake zurawa a wuyan hannu ba ya sa ruwa ya shigo ne tun safar ba ta huje ba, kuma wane kauri kike amfani da shi?